Tab A11 da Tab A9: Sabuwa Ce Ko Tsohuwar Aka Sauya Wa Lamba?

Malamin firamare, Runjin Sambo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Raina a ɓace yake, kuma ina roƙon masu ilimin abin su faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Kusan shekara biyu ke nan ina aiki da kwamfutar hannu ta kamfanin Samsung mai suna Galaxy Tab A9, da ita nake shirya darasi, da ita kuma yarana suke sauraren karatun Alƙur'ani bayan sallar isha'i. Makon jiya wani yaron shago, wanda ba zan ambaci sunansa ko shagonsa ba, ya rantse mini cewa Tab A11 da ta fito a Satumbar 2025 ta ninka tawa sauri, sai na ba shi tawa, na yi ciko, na karɓi sabuwar. Da na koma gida ƙanen matata ya duba mini bayanansu a intanet, sai ga shi injin da ke cikinsu ɗaya ne, wato Helio G99, batir ɗaya ne mai ƙarfin mAh 5,100, fuskar ma inci 8.7 ce a dukkansu, cajin kuma wat 15. Ni a ganina A11 ba sabuwa ba ce, A9 ce aka sauya wa lamba, don haka duk mai neman kwamfutar hannu mai arha ya riƙe A9 ɗinsa, kada ya yi irin asarar da na yi.

Ɗalibin jami'a, Dundaye: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Yaron shagon bai faɗa maka gaskiya ba, domin injin da bai canza ba babu yadda za a yi ya ninka sauri. Amma ka yi haƙuri in ce ba daidai ba ne a ce babu abin da ya sauya. Fuskar A9 tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, ta A11 kuwa sau 90, shi ya sa idan kana jan shafi da yatsa za ka ga rubutun yana tafiya sumul. Kyamarar gaba ta tashi daga megafiksel 2 zuwa 5, kuma A9 da Android 13 ta zo a 2023, wannan kuwa da Android 15 ta zo, tare da alƙawarin sabunta manhaja na shekara bakwai.

Hajiya mai ɗinki, Mabera: Malam, ni ba maganar inji ce ta tsaya mini a rai ba, kalmar arha da ka yi amfani da ita ce. Ina so ka faɗa mini wa take wa arha. Wata uku na yi ina zubin adashe domin in saya wa 'yata irinta saboda shirin jarrabawar JAMB, ranar da na kwashi adashen na je kasuwa sai na tarar kuɗin bai kai ba, na dawo gida da su a ƙulle a bakin zane. Abin da mace mai sana'a za ta yi wata uku tana tari ba ta samu ba, bai kamata a kira shi mai arha a gaban jama'a ba.

Alhaji mai shagon waya, shugaban zaure: Hajiya, Allah ya buɗa miki. Amma a kasuwa ba da aljihun mai saye ake auna arha ba, da 'yan uwan kayan ake aunawa. Ki ajiye wannan kusa da iPad ko kusa da jerin Tab S na kamfanin Samsung ɗin kansa, za ki ga ko kusa ba su haɗa hanya ba. Jerin A shi ne na ƙasa, an yi shi ne musamman domin ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi, kuma duk duniya haka aka san shi.

Hajiya mai ɗinki, Mabera: Alhaji, ai ba a duk duniya nake zaune ba, a Mabera nake. Kai mai sayarwa ne, dole ka ce da arha.

Dattijo ɗan fansho, Gawon Nama: 'Ya'yana, ku saurara kaɗan. Hajiya tana da gaskiya, kuma zan kawo dalili. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma a cikinsa mutum zai ci abinci, ya biya haya, ya kai yara makaranta. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a cikin 2024 ta haura 1,500. Waɗannan na'urori ba a Sakkwato ake ƙera su ba, ba a Kano ba, da dala ake shigo da su, saboda haka abin da Bature zai kira mai sauƙin kuɗi a ƙasarsa, kafin ya iso kasuwarmu ya tashi daga wannan suna. Ni da na yi aikin gwamnati shekara 35 ba zan iya shiga shago yau in ɗauke ta ba tare da na yi lissafi na kwana da kwanaki ba.

Ɗalibin jami'a, Dundaye: Baba, ba ku fahimci abin da Malam yake nufi ba. Shi rukunin na'urar yake nufi, ba wai ya ce kowa zai iya saya ba.

Dattijo ɗan fansho, Gawon Nama: Ɗana, na fahimta sarai, kuma ina karanta Hausa tun kafin a haifi mahaifinka. A Hausa idan aka ce abu ya yi araha, ana nufin ya sauko inda talaka zai miƙa hannu ya ɗauka, kamar yadda ake cewa albasa ta yi araha idan kaka ta yi, ko gero ya yi araha bayan girbi. Ba mu da wata araha ta rukuni. Idan kuna son ku ce ta fi sauran sauƙi, to ku ce ta fi sauƙi, wannan magana ce daban. Kuma ina ba ka shawara, idan za ka yi wa babba gyara ka nemi lafazin da ya fi wannan.

Ɗalibin jami'a, Dundaye: Allah ya huci zuciyarka Baba, ban yi nufin raini ba, na janye lafazin. Amma ban janye ma'anar ba.

Mai gyaran waya, Tudun Wada: Ni ina tare da Baba, amma ta wata hanya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a teburina nake ganin haka kullum. Ana kawo mini ƙananan kwamfutocin hannu marasa suna waɗanda aka saya da rabin kuɗin wannan, idan na buɗe bayansu a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, sai in tarar batirin ya kumbura kamar fanke har ya ɗaga fuskar daga jikin firam. Da hunturu kuma ramin caji ne ke cika da ƙura, in sa allura in yi ta zaro ta kamar auduga. Mai irin wannan na'ura a shekara ɗaya zai biya ni kuɗin gyara sau uku, ƙarshe ya jefar. To shi da wanda ya sayi mai tsada sau ɗaya, wa ya sayi mai arha? Ni a wurina abin da ya daɗe shi ne mai arha.

Hajiya mai ɗinki, Mabera: Ƙanena, wannan lissafin mai kuɗi ne. Wanda ba shi da kuɗin saye a yau, daɗewar kaya ba ta amfane shi da komai ba.

Matashi mai POS, Arkilla: Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda aka tattara arha aka jingina wa suna ɗaya. Wannan Helio G99 ɗin kamfanin MediaTek na Taiwan ne ya fitar da shi tun 2022, kuma shi ne a cikin Redmi Pad, wadda fuskarta ta haura inci 10, batirinta 8,000, tana kuma sabunta hoto sau 90 tun a waccan shekarar. Infinix ma ta sa shi a XPAD mai inci 11. Idan inji ɗaya ne, me zai sa in biya kuɗin suna in karɓi ƙaramar fuska? Mu da muka taso da Tecno da Infinix mun san su ne suka sa waya a hannun talakan ƙasar nan.

Alhaji mai shagon waya, shugaban zaure: Yaro, je ka sayar da taka bayan shekara biyu ka ga nawa za a taya. Shekara 15 ina wannan kasuwa, na san kayan da ke riƙe darajarsa a hannu na biyu, shi ya sa ma aka karɓi ta Malam aka ba shi sabuwa da ciko kawai.

Matashi mai POS, Arkilla: Alhaji, da girmanka, kawo mana shaida. Faɗin shekarunka a kasuwa ba hujja ba ce.

Alhaji mai shagon waya, shugaban zaure: Shaidata ita ce abin da nake gani da idona kowace rana, kuma ba zan buɗe littafin cinikina a zaure ba.

Malamin firamare, Runjin Sambo: Jama'a, don Allah. Ni ban zo neman fassarar arha ba, kuma Hajiya ki yafe mini idan kalmar ta sosa miki rai, ni ma bashi na ci na yi cikon. Tambayata ita ce ko abin da aka ƙara a A11 ya kai a ce sabuwa ce.

Dattijo ɗan fansho, Gawon Nama: Ka ji ko? Malam da bakinsa ya ce bashi ya ci. Abin da malamin makaranta sai ya ci bashi zai yi cikonsa, ba ma sayensa gaba ɗaya ba, wane ne zai sake kiransa mai araha a nan? Kuma ba a gama da saye ba, akwai data, wadda hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara wa kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Mai gyaran waya, Tudun Wada: Baba, data ai ko wace na'ura ka saya sai ka sa mata, ba laifin wannan ba ne.

Alhaji mai shagon waya, shugaban zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna kafin in rufe wannan batu. Zaure ya gamsu cewa A11 ta fi A9, kamar yadda ɗalibinmu ya nuna ta fuskar kyamara da laushin fuska da kuma shekara bakwai na sabuntawa, kuma mai gyara ya tabbatar mana cewa kaya mai suna shi ne mai arha na gaskiya domin yana daɗewa. Ƙorafin Hajiya da na Baba a kan tattalin arzikin ƙasa ne, ba a kan na'urar ba, muna kuma roƙon Allah ya kawo sauƙi. Maganar sauran kamfanoni ba ta cikin batun da aka buɗe. Malam kuma bai yi asara ba, sai dai yaron shagon ya yi kuskuren lafazi wajen bayani, abin da ke iya faruwa da kowane ɗan kasuwa.

Matashi mai POS, Arkilla: Alhaji, ba zaure ne ya gamsu ba, kai ne ka gamsu. Mai gyara bai ambaci sunan kowane kamfani ba, a koma sama a karanta.

Malamin firamare, Runjin Sambo: Alhaji, rantsuwa ya yi mini cewa ta ninka sauri, wannan ba kuskuren lafazi ba ne. Yanzu haka na buɗe littafin lissafi na aji biyar a cikinta, wanda nake buɗewa a tsohuwar kowace safiya, kuma ɗan jinkirin da yake yi kafin shafin farko ya fito yana nan yadda na san shi. Gobe bayan an tashi makaranta zan koma shagon da kwalin da rasit, in ji ko tawa tana nan ba a sayar ba.