Katin ATM da ake dangwalawa ba lambar sirri: wa ya taɓa ganin illarsa?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na karɓo sabon katin ATM, sai na ga wasu layuka huɗu masu lanƙwasa a jikinsa, kamar alamar Wi-Fi da aka kwantar. Yaron shagona ya ce da irin wannan kati ana sanin duk inda mutum ya sa ƙafa, kuma ɓarawo na iya gogar aljihuna ya kwashe kuɗi. Ni kuwa kullum ina cikin turmutsitsin Kantin Kwari. Don Allah wanda ya yi amfani da shi ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mai POS: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na'urata tana karɓar irinsa, kuma sai katin ya kusa taɓa fuskarta take jin sa, abin da bai wuce santimita 4 ba. Katin ba shi da batir, daga na'urar yake samun ɗan ƙarfin da zai amsa, to da me zai sanar da wani inda kake? Sannan tun 2023 Babban Bankin Najeriya ya sa iyaka: naira 15,000 a ciniki ɗaya, 50,000 a yini, abin da ya haura sai an tantance mai katin. Wanda ma ya cire da POS a ɓoye, kuɗin za su faɗa ne cikin asusun da ke ɗauke da sunansa.

Mai gyaran waya: Ban ƙi taka ba, yallaɓai, amma da sauran magana. Na gwada da katina a shago. Na kunna NFC, wato fasahar da waya ke karanta irin wannan kati da ita daga kusa, a wata waya, na ɗora ta a kan walat ɗina ba tare da na fito da katin ba. Nan take lambobi 16 ɗin nan da watan ƙarewar katin suka fito. Gabana ya faɗi, wallahi. Lambar sirri ba ta fito ba, haka lambobi ukun da ke baya, kuma ba za a iya haɗa wani katin da wannan kaɗai ba, don kowane ciniki da tasa lambar da ba a maimaitawa. Sai dai akwai shagunan intanet da ba sa neman lambobin bayan. Tun 2006 masu bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka suka nuna katunan farko har sunan mai su suke bayarwa. Da na naɗe nawa da takardar alminiyom, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi, wayar ba ta ga komai ba.

Yayarku a Landan: Ni ba ta iska aka cuce ni ba, ƙannena, walat ɗina ne ya faɗi a motar bas. Lokacin iyakar dangwalawa a nan fam 100 ce, wadda aka ɗaga daga 45 a watan Oktoban 2021. Kafin in isa gida in lura, wanda ya tsinta ya shiga shago uku, ba wanda ya tambaye shi komai. Na rufe katin ta waya, bankin ya mayar mini da kuɗina bayan 'yan kwanaki, amma daren nan ban runtsa ba.

Maganar bin sawu kuma, Alhaji, yaronka bai yi ƙarya duka ba. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Ranar da na buɗe tarihin tafiye-tafiyena a intanet, na ga tashar jirgin ƙasa da na shiga, wadda na fita, da ƙarfe nawa, har ranakun da na je asibiti ana iya gane su. Katin bai bi ni ba, ni ce nake barin sawu duk inda na dangwala shi. Wannan ya dame ni fiye da satar, domin kuɗi sun dawo, wancan kuwa yana nan a rubuce.

Mai POS: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Nan ma na taɓa mayar da wani yaro da ya zo da katin da ya kasa faɗin sunan da ke jiki, yana ta cewa in dangwala kawai.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na kwashe kuɗin kaya zuwa asusun da ba shi da kati, na bar na cefane kaɗai a wannan, na kuma haddace lambar rufe kati ta bankina. Malam mai gyaran waya, takardar nan gefe ɗaya ya isa, ko sai an naɗe katin gaba da baya?

Mai gyaran waya: Naɗe shi duka, Alhaji. In ta fara yagewa ka canza wata.