Shawarwarin ƙananan makiyayan Amurka kan dokar bin sawun dabbobi

Mahawarar da ƙananan makiyaya da manoman Amurka suka tafka kan shirin NAIS na yi wa gonaki da dabbobi rajista domin bin sawun cuta, wanda Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta ɓullo da shi bayan an gano cutar haukar shanu a jihar Washington a watan Disamban 2003, ta fitar da shawarwari masu amfani.

Mafi yawansu sun ce a fara da majalisun jihohi, domin ɗan majalisar jiha ya fi saurin sauraron mai shanu goma fiye da jami'in tarayya. Sun kuma ja kunnen juna da kada kowa ya yi wa gonarsa rajista kafin ya karanta takardar da kyau, tun da shirin da aka ce na ganin dama ne jihar Wisconsin ta mayar da rajistarsa dole. Hujjar da ta fi ƙarfi, a ganina, ita ce ta kuɗi: a ƙarƙashin shirin, manyan kamfanoni suna iya ba garke guda lamba ɗaya, alhali ƙaramin makiyayi sai ya maƙala wa kowace dabba alama a kunne.

Kan wani batun daban, wato ƙudirin daidaita dokokin abinci a faɗin Amurka, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a 2006, an ba da shawarar a matsa wa sanatoci, saboda zai shafe gargaɗin da jihohi irin su California suke tilasta a rubuta a jikin kaya. Ƙudirin bai tsallake Majalisar Dattawa ba, shi kuma NAIS an jingine shi a 2010, ko da yake tun Nuwamban 2024 alamar lantarki ta zama dole ga wasu shanun da ake ƙetare iyakar jiha da su.