Neman shawara: na ga kuskure layi 12 a ƙasa, dole sai na warware saƙar?

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Rigar sanyi nake saƙa wa ɗan yayana mai shekara biyu, da kibiya mai milimita 4, ina so in gama kafin hunturu ya kankama. Na gama bayan rigar, yanzu ina kan gaba, na ɗora ido 72. A tsakiyar ƙirji na sa zanen igiya mai ido 6, ana murɗawa duk layi 8. Da na shimfiɗa ta a kan katifa sai na ga murɗa ɗaya ta karkata hagu, alhali sauran duk dama suka yi. Daga kibiya zuwa wurin layi 12 ne, har da layin murɗar, kuma akwai wata murɗar a samanta, ita lafiyarta ƙalau.

Abu na biyu, da na ƙirga idanun 71 na samu. Ashe ɗaya ya suɓuce a gefen da babu zane, wajen layi 5 a ƙasa, ga shi nan a sake. Shin zare kibiyar zan yi in warware har wurin, ko akwai wata dabara? Tsorona kada in zare in kasa mayar da idanun.

Amarya, Kano:
Wa alaikumus salam. Ni dai da ni ce warwarewa zan yi, Anti. Layi 12 zama ɗaya ne, kuma hankalinki zai fi kwanciya. Ki zare kibiyar, ki ja zaren a hankali kina naɗewa, in ya rage layi ɗaya ki kai wurin sai ki tsaya, ki riƙa kwance na ƙarshen ido ɗaya ɗaya kina ɗorawa a kibiya siririya.

Mai Kwarashi, Katsina:
Kafin komai, 'yar uwa, tashi yanzu ki maƙala wa idon nan da ya suɓuce fil, irin mai rufewa na ɗaure zani. Duk ɗagawar da kike yi wa saƙar yana iya ƙara gangarawa.

Gyaransa kuwa ba ya buƙatar warwara. Ki saƙa layinki har ki zo daidai saman inda ya faɗi, fuskar rigar tana kallonki. Ki buɗa kibiyoyin kaɗan, za ki ga zarurruka a gicciye a tsakani, kowane layi da nasa. Ki cire fil ɗin, ki zura kwarashi cikin idon daga gaba zuwa baya, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi, wato na can ƙasa, ki jawo shi ta cikin idon. Kin hau layi ɗaya ke nan. Ki kamo na samansa, haka har ki iso kibiya. Kada ki tsallake zare ko ɗaya, kada kuma ki ɗauki na sama kafin na ƙasa. Wajen ɗora shi a kibiyar hagu, ƙafar idon ta dama ce za ta kasance a gaba, in ba haka ba zai fito a murɗe.

Sai dai ki sani zai yi tauri. Tunda kin yi layi 5 babu shi, maƙwabtansa sun matso sun cinye wurinsa, zaren da ke tsakani gajere ne. Ki sa bakin kibiya ki ɗan jawo sassauci daga ido uku ko huɗu na kowane gefe kafin ki kamo kowane zare. Kwarashin ya ɗan fi kibiyarki siranta, kamar milimita 3 ko 3.5.

Hajiya Kaka, Jos:
'Yata, kada ki zare kibiyar nan. Amarya ba ta faɗi ƙarya ba, warwara tana gyarawa, amma mu yi lissafi. Layi 12 sau ido 72, ido 864 za ki rushe ki sake. Laifin kuwa a ido 6 kawai yake. Shida sau 12, ido 72, daidai da aikin layi ɗaya. Me sauran suka yi da za a taɓa su?

Ga yadda muke yi. Ki zauna da hantsi inda haske yake sosai, ki ɗora saƙar a kan matashi, kada ki riƙe ta a iska. Ki saƙa har bakin igiyar. Idanun da ke hagu da dama ki ture su can cikin kibiyoyinsu, ki ɗaura roba a bakin kowace don kada su zame. Sai ki sauke idon igiyar guda shidan nan daga kibiya, da gangan. Ki sa bakin wata kibiya ki zaro zaren layin sama daga cikinsu, sannan na ƙasansa, layi bayan layi. Za ki ga zarurrukan sun jeru kamar matakan tsani. Ki ƙirga su da baki. Idan sun kai 12 ki tsaya, na goma sha biyun shi ne wanda aka yi murɗar kuskuren da shi. Da zarar kin zare shi za ki ga idanun shida sun saki juna sun jeru a miƙe. Ki kwashe su a kan gajeriyar kibiya mai baki biyu.

Yanzu ki tattara zarurruka 11 na sama ki maƙale su da fil ta baya, ki bar na ƙasa shi kaɗai, don babban abin da ke ɓata wannan aikin shi ne a ɗauki zaren wani layi a saƙa wani da shi. Ki yi murɗarki. Tunda dama kike so ta karkata, ido ukun farko baya za ki ajiye su, ki saƙa ukun da ke biye, ki dawo ki saƙa na bayan. Ajiyewa a gaba ita ke karkatar da ita hagu, abin da ya faru ke nan tun farko. Da wannan zaren da ke rataye za ki saƙa, ba da na dunƙule ba. A wannan layin zai matse ki, haka murɗa take, ki bi shi a hankali.

Kin gama, sai ki tura idanun zuwa ɗaya bakin kibiyar, ki saki zare na biyu daga fil, ki saƙa. Ba sai kin juya rigar ba. Ko layukan da kika yi ta ciki da farko, duk ta fuska za ki yi su yanzu, saƙar gaba zalla, domin a fuska haka suke fitowa. Yanzu daga ƙasa ake ƙirga, zare na 2 zuwa na 8 babu murɗa. Ki lura da na 9, shi ne murɗar saman da kika ce lafiyarta ƙalau, ita ma ta kwance a hanya, sai kin sake ta. Na 10, 11 da 12 a miƙe, sai ki mayar da idanun kan babbar kibiya. Ki rubuta lambobin a takarda kina sokewa, yaro na iya kiranki a tsakiyar aiki.

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Mama Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Amma gabana yana faɗuwa. In na sauke ido shida, ba za su ja na gefensu su ma su warware ba? Kuma ba ni da gajeriyar kibiya mai baki biyu.

Hajiya Kaka, Jos:
Ba za su ja ba. Saƙar kibiya ƙasa take gangarawa, kowane ido yana rataye ne da wanda ke samansa. Matuƙar na gefe suna kan kibiya, jerinsu ba ya motsi. Kibiya kuwa, ki nemi tsinken tsire mai kauri guda biyu, sabo, ki rage tsawonsa, ki fiƙe bakin biyu kaɗan, ki goge da sanfefa har ya yi santsi yadda ba zai tsarge zare ba. Ko ya ɗan fi kibiyarki siranta babu laifi, ya ma fi sauƙin shiga. In kuma saya za ki yi, ki duba milimita, kada ki bi lamba kawai. Tsofaffin kibiyoyin Ingila da muka koya da su lambarsu a juye take, babbar lamba siririyar kibiya. Lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 kuma 3.25.

Malama, Kaduna:
Ina bayan Hajiya, amma ga abin da zai cire miki tsoro gaba ɗaya. Kafin ki sauke komai, ki zura zaren tsaro. Ki samu zare mai santsi wanda launinsa ya bambanta da na rigar, zaren ɗinkin hula ya yi, ki sa a allura marar kaifin baki. Ki zaɓi layi ɗaya ko biyu ƙasa da murɗar kuskuren. Kowane idon gaba yana da siffar V, ki bi ki ɗauki ƙafar dama ta kowanne, ki tabbata layi ɗaya kike bi ba ki hau ko sauka ba, kuma allurar ta bi ta ƙarƙashin zaren, kada ta huda shi. Ko idon igiyar shida kawai kika tsare ya wadatar, duk gangarawar da za su yi a nan za su tsaya. In kin bi layin daga gefe zuwa gefe kuwa, ko gyaran ya ƙi, sai ki koma shawarar Amarya ki warware ba tare da fargaba ba, idanun duk suna jiranki a kan zaren.

Ni ɗalibaina duk mai yin zane ina sa ta zura shi bayan kowace murɗa biyu, tun idanun suna kan kibiya, lokacin ya fi sauƙi.

Autar Gida:
Anti ni fa ina ganin ki bar shi kawai. Yaro ne ɗan shekara biyu, baɗi war haka ta yi masa kaɗan. Wa zai tsaya duba murɗa?

Hajiya Kaka, Jos:
Auta, da a hammata yake ko kusa da ɗinkin gefe, da ni ma na ce a bar shi. Wannan a tsakiyar ƙirji ne, igiya ɗaya tal, nan ido ke fara sauka. Kuma rigar hannu ba ta yaro ɗaya ba ce, ƙannensa za su sa. Bayan haka tana da damar koyon abin da zai yi mata amfani a duk saƙar da za ta yi nan gaba, a kan ido shida kacal.

Mai Kwarashi, Katsina:
Don masu karatu su ƙaru, ba ko'ina wannan dabarar ke ci ba. Idon bakin gefe, na farko ko na ƙarshe a layi, wuyar sha'ani gare shi, domin zarensa lanƙwasa yake yi ya shiga layi na gaba, gara a kwance ido ɗaya ɗaya a koma. Inda aka manta ƙari ko ragi da yawa ma haka, zaren layin ko ya kasa ko ya yi yawa. Zare mai gashi kuma kama juna yake, ba ya son a zare shi. Amma in idon gaba aka saƙa a wurin idon baya, ko idon baya a wurin na gaba, kamar a bakin riga ko bakin hula, wannan shi ne mafi sauƙi, don kusan zare ɗaya suke ci. A sauke jerin ido ɗayan, a hau da kwarashi, in idon baya ake so a juya saƙar a yi ta ciki.

Idon da ya suɓuce can nesa kuma, layi 20 ko fiye, saƙar ta riga ta haɗe, kada a tilasta shi. A jawo shi ta ciki, a zura guntun zare irin na rigar a ɗaure shi da maƙwabcinsa, a ɓoye bakin zaren, sai a ƙara ido ɗaya kusa da gefe don lissafi ya cika.

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Alhamdulillahi 'yan uwa, na yi. Na fara da zaren tsaron Malama, sannan na bi bayanin Mama da tsinken tsire, murɗar ta koma dama kuma idanuna sun cika 72. Allah ya biya ku duka. Saura abu ɗaya, gefen hagu na igiyar idanun sun yi manya sun saki, na dama kuma sun matse. In sa dutsen guga ya daidaita su?

Malama, Kaduna:
A'a, kada ki kusantar da dutsen guga. Ki duba takardar dunƙulen. Yawancin zaren da muke saya a kasuwa muna ce masa ulu akirilik ne, dangin roba, zafi kai tsaye yana narkar da shi ko ya kwantar da shi ya yi laƙwas, igiyar ta baje, kuma ba ya dawowa. In takardar ta ɓata, ki yanki ɗan guntu ki kusantar da ashana a tsakar gida. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya bar toka mai murmushewa, akirilik kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Hajiya Kaka, Jos:
Madalla da 'yata. Abin da kika gani ba wata matsala ba ce, kin ja zaren da ƙarfi a farkon kowane layi, rarar ta taru a ƙarshe. Zaren layin bai ƙaru ba bai ragu ba, rabo ne bai yi daidai ba. Ki ɗauki bakin kibiya ki fara daga babban idon na hagu, ki ja ƙafar maƙwabcinsa na dama kaɗan, rarar ta koma can, ki ja na gaba, har ki kai wanda ya matse. Layi ɗaya ɗaya za ki bi, duka sha biyun. In wata 'yar rara ta rage ki tura ta cikin idanun baya da ke gefen igiyar, a can ba ta nunawa. Idan kin haɗa rigar ki wanke ta da hannu a ruwa mai ɗan ɗumi, ki naɗe a tawul ki danna, kada ki murɗe, ki shimfiɗa a inuwa ta bushe a kwance. Zaren tsaron nan kuma ki bar shi a ciki tukuna, sai kin wuce murɗa ta gaba kin ga komai daidai sannan ki zare.