Wai finafinan dariya na Hong Kong na da shirme ne?

Baban Khalifa: Ni fa ban janye ba, tsofaffin finafinan Hong Kong na yaren Kantonis, masu sa kuka su ne fim, na dariyan nan shirme ne kawai. A haɗa mutum biyu da jininsu bai haɗu ba su yi ta cacar baki kamar kishiyoyi shikenan wai an yi fim, wasu ma cikin sati ɗaya ake gama ɗauka.

Anti Zee: Haba Baban Khalifa, ka kalli The Greatest Civil War on Earth, na teloli biyun nan na 1961 kuwa? Leung Sing-po ɗan gari mai jin Kantonis, Liu Enjia baƙo daga arewacin China mai yaren Mandarin, shago jikin shago kuma gidan haya ɗaya, kowa na ganin ɗayan bagidaje ne, ga 'yar kowanne ta je ta kwaso saurayi daga ɓangaren da ubanta ya tsana. Kana dariya amma ai rayuwar garin kenan bayan 1949 da jama'a suka yi ta kwararowa daga China babu wajen kwana.

Baban Khalifa: Anti wannan talaucin masu shago ne. Je ki nemi In the Face of Demolition na 1953, gida na shirin rushewa, Ng Cho-fan direban tasi, wani ɗan hayan har jininsa ya sayar. Shekarar ce fa gobarar unguwar Shek Kip Mei ta bar mutum sama da 50,000 a titi.

Ɗan Fagge: tsaya yallaɓai, ba a fim ɗin nan Bruce Lee ya fito yana yaro ba?

Baban Khalifa: Shi ne.

Anti Zee: To naji, amma waye ya tado da fim ɗin Kantonis bayan Mandarin ya kusa binne shi? The House of 72 Tenants ne a 1973, na dariya, 'yan haya da muguwar uwar gida, har da 'yan kwana-kwana da sai an ba su na goro kafin su saki ruwa. A Hong Kong ya fi Enter the Dragon na Bruce Lee ciniki wlh, 1974 kuma aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci, kai kace shirme.

Baban Khalifa: Ba fim ne ya kafa hukumar ba dai Anti, kar ki ɗora masa.

Ɗan Fagge: ni dai a ce wani fim ya doke Bruce Lee a garinsu, wannan sai na gani da idona