Yadda muke fama da hunturu da yaro mai sikila a gida

Wata uwa daga Jekadafari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 7 yana da amosanin jini, wato sikila, kuma da zarar hunturu ya kama a watan Disamba hankalina ba ya kwanciya, domin a lokacin ne ciwon ƙashi ya fi tasar masa. Likitansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ya bayyana mini cewa sanyi yana matse hanyoyin jini, ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje kuma sai su maƙale, jini ya kasa isa gaɓoɓi. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan jarrabawa su faɗa mini yadda suke yi.

Wani uba daga Kumo:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Tamu yarinyar ta kai shekara 12. Yaro ba ya jin ƙishirwa a lokacin sanyi, saboda haka mu ne muke bin ta da ruwan sha, wanka da alwala kuma da ruwan ɗumi take yi, ga ƙwayar maganin Folic acid kullum da gidan sauro. Amma abin da nake so ki riƙe shi ne zazzabi. Akwai daren da muka ce mu jira gari ya waye, kafin asuba tafin hannunta ya yi fari fat, aka ce sai an ƙara mata jini, ba mu da wanda zai bayar. Tun daga ranar na san rukunin jinin 'yan'uwana duka, kuɗin mota zuwa Gombe kuma a ajiye yake, ko don abinci ba a taɓa shi.

Wata uwa daga Bolari:
Ni kuwa ba sanyin ne ya fi gajiyar da ni ba, maganar mutane ce. Na shekara biyu surukata tana cewa daga gidanmu aka kawo ciwon, sai da aka gwada mu aka ga ni AS ce, maigidan ma AS ne, wato dukanmu muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba mu da ciwon, kuma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila. Sannan ku lura da sauran yaran, domin ni na yi sakaci a nan. Babbar 'yata ta taɓa tambayata ko sai ta yi ciwo zan riƙa kwana kusa da ita, na rasa amsar da zan ba ta. Yanzu duk ranar Juma'a da yamma ita nake yi wa kitso, mu biyu kaɗai.

Uwa daga Jekadafari:
Yaya, maganarki ta taɓa ni, domin nawa ma yana da ƙanwa da nake yawan bari a gidan maƙwabta. Malam, na gode ƙwarai, gobe zan tuntuɓi ƙannen babansa a kan gwajin rukunin jininsu.