Neman shawara: yaya zan shawo kan iyayenmu 'yan fansho su fito aikin sa kai?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu a Kaduna. Rukunin gidajen ma'aikata ne a da, yanzu galibin masu gidajen sun yi ritaya: malaman makaranta, malaman asibiti, malaman gona, har da tsohon akawun kotu. Bayan masallacinmu akwai firamare. Ranar nan na leƙa aji huɗu, na tarar yara sun cika shi maƙil, wasu a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama har muryarta ta dushe. Ga kuma iyayenmu a dakali daga hantsi har azahar, rediyo a gefe. Abin ya tsaya mini a rai.

Sau biyu muka yi sanarwa bayan sallar isha'i cewa ana neman masu taimakawa. Mutum uku suka zo, mako na biyu saura ɗaya. Wani baba ma ce mini ya yi: shekara 35 ya yi yana aiki, har yau garatutinsa bai fito ba, yanzu kuma a ce ya yi kyauta? Na rasa amsar da zan ba shi. Don Allah ina muka yi kuskure?

Amsar wata Hajiya, tsohuwar malamar asibiti:

Wa alaikumus salam ɗana. Lasifika ba ta kiran dattijo. Ka wanke ƙafa ka je gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗi abu guda da kake so, wanda shi ya iya. Ni haka aka yi mini. Matan layinmu suka zo suka ce hawan jini ya dame su, asibiti kuma layi. Yanzu duk Alhamis bayan la'asar ina shimfiɗa tabarma a soro, in auna su, in rubuta a littafi, wadda na ga nata ya hau in ce maza asibiti gobe. Magani ba na ba kowa. Awa biyu ce kacal, shi ya sa ban gaji ba. Da cewa aka yi in zo kullum, da tuni na gudu. Kuma kar ka manta da mu mata, ba dukanmu ke jin sanarwar masallaci ba.

Amsar wani tsohon hedimasta daga Zariya:

Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ma'aikaci yana barin aiki ne in ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Malaman makaranta dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40, ko da yake ba kowace jiha ta fara aiki da ita ba. Ka ga ke nan da yawanmu da sauran ƙarfinmu, ba a dai tambayarmu ne.

Amma kada ka kwashi dattawa ka shiga makarantar mutane kai tsaye. Fara ganin shugaban makarantar da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, su za su buɗe maka ƙofa. Kuma kada a ba mutum aji guda. A ware masa yara shida ko bakwai da ba su iya haɗa baƙi ba, ƙarƙashin bishiya, sau biyu a mako. Ranar da yaro ya karanta sunansa da kansa a gabansa, ba sai ka ƙara roƙonsa ba. Sannan shugabancin abin a bar wa ɗaya daga cikinsu. Wanda ya riƙe ofis shekara da shekaru ba zai so sa'an ɗansa ya riƙa kiran sunansa a rajista ba.

Amsar wani matashi daga Kano:

Yayana, baban nan da ya yi maka maganar garatuti bai yi laifi ba. Ku fara yi musu, kafin ku nema a wurinsu. Lokacin tantance 'yan fansho ku ware samari su raka su, su cike musu takardu, su duba musu saƙon banki a waya. Aikin gayya ai ba ni gishiri in ba ka manda ne. Alli, littafi da kuɗin adaidaita kuma ƙungiya ta ɗauka, kada sisi ya fita daga aljihunsu.

Amsar wata 'yar uwa:

A roƙi liman ya taɓo hadisin nan na Muslim, cewa aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai uku, ciki har da ilimin da ake amfana da shi. Mahaifina da wannan aka same shi.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Baba Malam da sauran 'yan uwa. Na rubuta gidaje biyar da zan fara bi ranar Asabar, ni da mai unguwa. Gidan baban nan mai maganar garatuti ne na farko, kuma takardunsa zan fara tambaya tukuna.