Shawarar ƴan fada ga mai zuwa bakin teku a Kwatano

Daren jiya a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, wani ƙanenmu ya ce yana son ganin teku idan ya je Kwatano ɗauko mota. Kafin shayi na uku, shawara ta yi yawa.

Abin da kowa ya nanata: kada ya ɗauka tapkin damina ne. A bakin ruwan Fidjrossè, wata unguwa a Kwatano, igiyar tana kwashe yashin ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki. Wani direba ya ce ruwan bai kai masa gwiwa ba ya kayar da shi, takalminsa guda ya tafi. "Malam, tsaya inda masunta suka nuna maka," in ji shi.

Mai son ganin kunkurun teku ya nufi Grand-Popo, kusa da iyakar Togo. Da dare suke fitowa yin ƙwai, wajen lokacin sanyinmu. Ban da haska tocila, ban da taɓa ƙwan, kuma kada a saya ko an yi tayi. Ni a ganina wannan ta fi muhimmanci.

Ganin manyan dabbobin tekun nan masu kama da kifi da Faransawa ke kira balen kuwa, sai tsakanin Agusta da Oktoba, cikin jirgin ruwa. Mai saurin jiri ya ci abinci kaɗan.